Kyautar Tsohon Kwano: Alheri Ne Ko Zubar Da Shara?

A Tsauni, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin karkara na gundumar Kance, kusa da Matamaye a jihar Damagaram, idan randa ta fashe a gida uwargida ba ta gaggawar kai ta juji. Takan tsaya ta dubi yadda fashewar ta zo. In gindin ya tsira, ya zama mashayar kaji ke nan. Babbar katanga kuwa a ɗebo garwashi da ita daga maƙwabta, ko a soya gyaɗa a cikinta. Tulun da bakinsa kaɗai ya gutsure akan kafa shi a jikin bango, tantabaru su yi sheƙa. Ƙananan tsingaro ma suna da masu nema, domin magina sukan daka su su gauraya da yumɓu, don sabuwar tukunya ta jure wa wuta ba tare da ta tsage ba. A wurare da yawa na ƙasar Hausa, musamman Kano, da fasassun tukwane ake rufe kabari kafin a tura ƙasa. Wato abin da ya shayar da mutum yana da rai, shi ne kuma yake yi masa rufi bayan ya kwanta dama.

Harshen kansa shaida ne a kan wannan. Guntun tukunya yana da suna, katanga ko tsingaro, guntun ƙwarya kuma sakaina, jama'a kuwa ba ta raɗa wa abu suna sai tana da hulɗa da shi. Hulɗar nan daɗaɗɗiya ce. A Kufan Kanawa, tsohon garin nan mai ganuwa da ke cikin jihar Damagaram, wanda Anne Haour ta yi bincike a kansa ta wallafa sakamakon a 2003, guntattakin tukwane ne mafi yawan abin da aka tono, da su ne kuma aka karanci yadda mutanen wurin suka yi rayuwa. Mutanen sun shuɗe, tsingaronsu na nan yana ba da labari.

Sai dai zamani ya kawo wasu mazubai. Kwanon langa da tasa sun shigo daga masana'antu, roba ta biyo baya, tangaran kuma ya sami wurin zama a ɗakunan amare. Tukwanen Mirya ba su ɓace daga kasuwa ba, amma sun daina zama su kaɗai. Tare da sababbin kayan nan wata sabuwar matsala ta zo: gida yana iya cika da kwanonin da ba su fashe ba, illa dai an daina yayinsu. Guntun roba ba shi da suna, domin ba wanda ya samo masa aiki. Guntun tangaran kuwa aikinsa ɗaya, yanke ƙafar yaro. Saboda haka mai kaya yakan nemi wanda zai ba. Matar da ta sake jere a Matamaye takan tattara tsofaffin kwanoninta ta aika wa ƴar'uwarta a ƙauye, ko ta miƙa wa almajirin da ke yi mata aike. A nan ne tambaya take tasowa: wannan kyauta alheri ce, ko kuwa hanya ce ta share ɗaki a kuma sami godiya a sama?

Masu ganin alheri ne suna da hujja mai ƙarfi. Abin da wani ya raina, wani nema yake yi ruwa a jallo. Kwanon da fentinsa ya koɗe yana riƙe tuwo kamar yadda sabo yake riƙewa, wadda kuma take aron tukunya duk ranar da ta yi baƙi ba ta damu da yayi ba. Barin kaya su yi ƙura a ƙarƙashin gado alhali maƙwabciya na bukata rowa ce, jefar da su kuwa almubazzaranci. A ganin waɗannan, niyyar mai bayarwa ba ta rage amfanin abin da aka bayar. Ko da don ta huta da tarkace ta yi, ai wata ta samu.

Masu ganin akasin haka su ma ba a banza suke magana ba. Sukan ce kyauta magana ce, tana gaya wa mai karɓa matsayin da aka ajiye shi. Wanda aka miƙa wa kwano mai yoyo an gaya masa cewa darajarsa ba ta wuce ta juji ba, an kuma ɗora masa nauyin yin godiya a kan hakan, tun da kunya ba za ta bar shi ya mayar ba. Sukan kafa hujja da aya ta 267 ta Suratul Baƙara, wadda ta hana mutum ya zaɓo mummunan abu, irin wanda shi kansa ba zai karɓa da daɗin rai ba, ya yi sadaka da shi.

Idan aka lura da kyau, ɓangarorin biyu ba a kan abu ɗaya suke jayayya ba. Na farko yana maganar tsohon abu, na biyu yana maganar mataccen abu, tsufa kuwa daban, mutuwa daban. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ma'aunin da uwargidan Tsauni take auna fasasshiyar randarta da shi, shi ne ya dace da kyauta: wane aiki abin nan zai iya yi yanzu, kuma wa ke bukatar wannan aikin? Kwano mai ƙaramar huda kyauta ce ta ƙwarai ga mai renon dashen itace, domin ruwa zai tsiyaye ta ƙasa. Ga almajirin da zai karɓi miya a ciki kuwa wulaƙanci ne. Abin bai sauya ba, wanda aka ba shi ne ya sauya. Saboda haka wajibin farko a kan mai bayarwa shi ne ya san halin mai karɓa, na biyu ya faɗi aibin abin tun kafin ya miƙa, ya kuma bar wa mutum ƙofar cewa a'a ba tare da jin nauyi ba. Kyautar da ba a iya ƙin karɓarta ta fi kama da umarni.

Akwai kuma mataki tsakanin ajiyewa da bayarwa wanda ake yawan tsallakewa, wato gyara. Ƙasar Hausa ta san gyartai, mai bin gida gida yana huda gefen tsagar ƙwarya yana ɗinkewa, ta kuma san mai liƙin kwano a gefen kasuwa. A kasuwar Katako ta Yamai maƙera suna narka gwangwanaye da tsofaffin tukwanen alminiyom su zuba sababbi. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa ƙoƙon shan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsage, aka ɗaure tsagar da azurfa. A Japan kuwa akwai sana'ar da ake kira kintsugi, inda ake haɗa fasasshen tangaran da ƙaro a bi sawun tsagar da garin zinariya, har gyararren ya fi sabo daraja. Amma karin maganar nan da ke cewa ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta, ta tona asirin yadda aka ɗauki mai gyara a nan: ana cin moriyarsa, ana kuma jin kunyar sana'arsa. Wanda ya biya kuɗin liƙi kafin ya ba da kwano ya sa wani abu nasa a cikin kyautar, ya kuma ciyar da mai sana'a. Da wannan ɗan kuɗin ne tarkace yake komawa kyauta.

Raina tsohon abu yana da wani farashi da ya fi na kwano tsada. Inda aka mayar da jeren sababbin kaya ma'aunin mutuncin amarya da na uwarta, talaka yakan shiga gasar da ba tasa ba, alhali an ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Gundumar Kance ta san zafin neman abin rufin asiri a nesa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawa kuma daga wannan yanki suka fito. Talauci da ƙarancin gonaki su ne kan gaba cikin dalilan irin wannan tafiya, amma nauyin bukukuwa da kayan ɗakin ƴaƴa mata yana cikin abin da ake ambatawa. Jama'ar da ta yarda cewa tukunyar uwa, in an wanke an gyara, tana iya shiga ɗakin ƴa ba tare da gori ba, ta sauke wa matanta wani ɓangare na wannan kaya.

A nan malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu suke da abin yi wanda ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Yaron da ya dasa bedi ko zogale a fasasshen tulu a filin makaranta, ya shayar da shi har ya kama, ya koyi darasin da allo ba ya bayarwa. Ƙungiyar da ta tattara kwanoni don waɗanda gobara ko ambaliya ta cinye wa kaya, in ta tace su, ta gyara masu gyaruwa, ta kai sauran wurin maƙera, ta kare mutuncin masu karɓa tun kafin kayan su isa hannunsu. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, kuma wanda ya bayar yau bai san ranar da shi ma zai miƙa hannu ba. Kafin kwano ya fita daga gida da sunan kyauta, ya kamata mai shi ya tambayi kansa ko zai ci tuwo a cikinsa a gaban baƙo. In amsar ta zama a'a, to wurinsa gindin dashe ne ko maƙera.