An Ɗauke wa Mai Barci Alƙalami, Wanda Ya Farka Fa?

Abu Dawuda ya ruwaito cewa ba a rubuta wa mai barci laifi har sai ya farka. Saboda haka mutumin da maƙogwaronsa ke toshewa cikin dare, numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, ya yi firgigit ya ja iska ya koma minshari, babu abin zargi a kansa, shi bai ma san an yi ba. Sai dai ciwon yana barin shaida a baki. Mai irin wannan barci da baki buɗe yake kwana, yawu ya ƙafe, alhali yawun ne ke wanke haƙora yana rage kaifin tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa. In ya ƙafe sai haƙori ya fara kogo, dasashi ya kumbura, baki ya yi wari, balle a hunturun Mubi. Wasu kuma gurza haƙora suke yi cikin barci, su tashi da ciwon muƙamuƙi.

A ganina uzurin mai barci yana ƙarewa ranar da aka ba shi labari. Daga nan ya zama mai ilimi, kuma Manzon Allah (SAW) ya faɗa wa Abdullahi ɗan Amru cewa jiki yana da hakki a kan mai shi. Wa zai ba da labarin? Galibi matar gida ce, ita ke jin shirun nan mai ban tsoro tsakanin minshari biyu. Kunya kan hana ta cewa, "Maigida, numfashinka yana tsayawa da dare," shi kuma girman kai kan sa ya musanta. Wannan kunyar ba ta imani ba ce, ɓoye shaida ne, domin ciwon yana tafiya da hawan jini da gyangyaɗin rana. Direban tirelar da ya loda shanu a kasuwar Mubi zai nufi kudu, in ya yi gyangyaɗi, ba ransa kaɗai ke hannunsa ba.

Wani zai ce ai yana asuwaki, kuma Huzaifa ya ruwaito cewa Annabi kan goge baki da shi in ya tashi cikin dare. Madalla, asuwaki yana kankare dattin haƙori, amma ba ya buɗe maƙogwaro. Wanda ya kiyaye sunna haƙoransa suka ci gaba da lalacewa, ya kamata ya nemi dalili.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta rashin hali. Na'urar hura iska ta masu wannan ciwo, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostareliya a 1980, tana da tsada, tana kuma son wutar lantarki dare duka, abin da talakan Mubi ba zai dogara da shi ba. Gaskiya ne, kuma Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma rashin na'ura bai sauke abin da ake iyawa ba: rage ƙiba, barin sigari da ƙwayoyin sa barci, da daina kwanciya rigingine, tunda a nan harshe ke faɗawa baya ya tare iska. Kwanciya a gefen dama ma sunna ce da Barra'u ɗan Azibu ya ruwaito. Wanda kuma ya je babban asibitin Mubi ko na koyarwa a Yola cire haƙori, ya faɗa wa likita yadda yake kwana, ko da matarsa ce za ta yi bayanin.