Haƙƙin Wanda Ba Mu Yarda Da Shi Ba

Ga wata tambaya, ya mai karatu. In mutum ya riƙe abin da mu muke gani ɓata ne, ya kamata doka ta tsare shi kamar yadda muke so ta tsare mu?

Tsarin mulkin Amurka ya yi wa talaka tanadi iri biyu. Na fari kamar katanga yake tsakaninsa da hukuma, watau kada a taɓa addininsa, ko bakinsa, ko taronsa. An tabbatar da wannan a shekara ta 1791. Na biyu kamar mudu ɗaya ne da za a auna wa kowa da shi, baƙi da fari, wanda aka ƙara a 1868 bayan an 'yanta bayi. A takarda duka biyu suna da kyau. Amma ba a sanin ƙarfin katanga sai ran da wanda jama'a ta ƙi ya fake a bayanta.

A 1935, a garin Minersville cikin jihar Fensilfaniya, aka kori yara biyu daga makaranta, Lillian Gobitas da ƙanenta William. Ba sata suka yi ba, ba rashin kunya ba. Sun ƙi ɗaga hannu su gai da tutar ƙasa ne kawai, gama iyayensu Shaidun Jehobah ne, a wurinsu kuwa gai da tuta sujada ce ga abin da ba Allah ba. Na sani da yawa cikinmu ba su yarda da koyarwar mutanen nan ba. Shi ya sa ma na zaɓi labarinsu.

Magana ta kai Kotun Ƙoli. A 1940, lokacin da yaƙi ke ci a Turai, alƙalai takwas cikin tara suka ba makaranta gaskiya, suka ce haɗin kan ƙasa shi ne gaba. Harlan Stone kaɗai ya ƙi. To, sai me ya biyo baya? Mutanen gari suka ɗauka an ba su izini. Aka ƙone ɗakin taron Shaidun a Kennebunk cikin jihar Maine. A Richwood aka kama waɗansu, aka ɗura musu man zurma, aka ɗaure su da igiya, aka kore su daga gari. Da wuya a ce ba masu zuwa sujada cikin waɗanda suka aikata wannan.

Hujjar alƙalai takwas ɗin ba ta wauta ba ce. Ƙasa tana bukatar abin da zai haɗa ta, ba kuwa kowane abu ne mutum zai yi ya ce addini ya sa shi ba. Amma yaran nan wa suka cuta? Ba su hana kowa gaisuwarsa ba. Abin da aka nema gare su shi ne bakinsu ya faɗi abin da zuciyarsu ta ƙi, wanda ya yi haka kuwa munafunci aka koya masa, ba ƙaunar ƙasa ba. Sa'an nan mu tuna, masu rinjaye a wannan gari su ne 'yan kaɗan a wancan. Tsoron ƙananan kabilu ne ya sa Kwamitin Willink ya ba da shawara a 1958 a rubuta haƙƙin ɗan adam cikin tsarin mulkin Nijeriya.

Bayan shekara uku kotun ta sake zama a kan wata ƙara irin wannan, ta iyalin Barnette. Alƙalai uku da suka bi rinjaye a dā suka sake ra'ayi, abin da ba safai manya ke yi a gaban jama'a ba. Shida cikin tara suka rushe hukuncin fari. Robert Jackson, wanda ya rubuta sabon hukuncin, ya nuna akwai abubuwan da aka ɗauke daga hannun masu ƙuri'a da gangan, bangaskiyar mutum tana cikinsu. Aka karanta shi ran 14 ga Yuni 1943, ranar da Amurkawa suka keɓe domin girmama tutarsu.