SHEKARA BIYU A GIDAN HAYA

A karanta: Ayyukan Manzanni 28:16-31, Irmiya 29:4-7

Wanda ya zaga unguwar Gidan Dare a birnin Sakkwato zai ga abin da ake gani a gefen kowane babban gari na ƙasarmu, wato gidajen da suka kai linta suka tsaya. Bango ya tashi, amma ba rufi. Rodi ya yi tsatsa, tumfafiya ta tsiro a tsakar ɗaki, awaki suna kwance a inda aka yi niyyar sa gado. Ɗaya daga cikin waɗannan gidaje namu ne. Mu biyu ne, miji da mata, mun aje aikin gwamnati, 'ya'yanmu sun watse wuraren aikinsu, muna zaune a ɗaki biyu na haya muna jiran ranar tarewa. Muna so mu faɗa muku abin da Ubangiji ya koya mana cikin wannan jira, gama mun san ba mu kaɗai ba ne.

YADDA GININ YA TSAYA

Bisa ga dokar aikin gwamnati, ma'aikaci yakan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 cikin aiki. Mun san ranarmu tun da wuri. Muka sayi fili, muka haƙa harsashi, muka yi lissafi cewa kuɗin sallama zai ishe mu rufi da ƙofofi da shafe. Amma kuɗin bai fito a lokacin da muka zata ba. Muna cikin jira, sai ran 29 ga Mayu, ranar farko ta mulkin sabuwar gwamnati a 2023, aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma darajar naira ta faɗi ƙwarai. Kuɗin dakon yashi da tsakuwa ya tashi, siminti da rodi da kwanon rufi suka haura. Sa'ad da kuɗinmu ya iso hannu, abin da dā zai rufe gida duka bai kai rabi ba.

A Kalambaina, nan kusa da birni, akwai masana'antar siminti wadda ta soma aiki tun 1967. Kowace rana muna ganin manyan motoci suna wucewa cike da buhuna. Siminti bai yi ƙaranci ba, aljihunmu ne ya gaza. Ga kuma lokatan shekara. Da bazara, watan Afrilu da Mayu, zafin Sakkwato yakan wuce awo 40, sabon bulo yana son ruwa safe da yamma, ruwan kuwa na saye ne. Da damina leburori sukan koma gona. Da kaka magini ya sami babban aiki a wani wuri, ya ce mana, "Baba, a yi haƙuri, mako mai zuwa." Makon nan har yanzu yana zuwa.

CIWON "SAI MUN TARE"

Zaman mai ritaya yana da nasa nauyi. Mutumin da ya shekara talatin yana fita da sassafe, yanzu gari ya waye ba mai jiransa. Mukan tashi, mu yi addu'a, mu karya kumallo, mu taka zuwa filin. Mu ƙirga bulo, mu duba ko yara sun kwashe yashi, mu komo. Da rana a saurari rediyo ko za a ambaci 'yan fansho. Da dare a sāke lissafin da aka yi jiya. Ƙaramar magana takan zama gardama tsakanin miji da mata, wannan ya ce da ma ɗaki uku muka fara, wannan ta ce ai na faɗa maka.

Cikin wannan hali wata magana ta kama bakinmu ba mu sani ba: "Sai mun tare." Wani saurayi baƙo cikin ekklesiya ya roƙa ya riƙa zuwa da yamma mu karanta Littafi Mai Tsarki tare. Muka ce wuri ya yi ƙunci, sai mun tare. Wata gwauruwa daga ƙauye ta kawo ɗanta asibiti tana neman wurin kwana uku. Muka ba ta kuɗin mota, muka ce da gidan ya ƙare da ba ta rasa ɗaki ba. Dattawa suka nemi mu riƙe ajin masu shirin baftisma, muka ce hankalinmu yana wurin gini.

Akwai kuma wani ɗan'uwa, tsohon abokin aikinmu, wanda muka ɓata da shi a kan rance. Shekara da shekaru muna gaisuwa a bakin ɗakin sujada da leɓe kaɗai. Mun yi niyya mai kyau. Muka ce ranar buɗe gida za mu kira shi, a yanka rago, a shirya a gaban jama'a. Da hunturun da ya wuce ya kwanta ciwo kwana kaɗan, ya rasu. Muka tsaya a bakin kabarinsa da maganar da muka aje masa, ba kuwa kunnen da zai ji ta. Ran nan muka gane ashe ba ginin kaɗai ya tsaya a linta ba. Biyayyarmu ga Ubangiji ma a nan ta tsaya.

MUTUMIN DA YA YI JIRA A GIDAN HAYA

Bayan jana'izar muka buɗe Ayyukan Manzanni, muka iske labarin Manzo Bulus a surar ƙarshe kamar ba mu taɓa karanta shi ba. Bulus mutum ne mai shiri. Ya rubuta wa Romawa cewa yana nufin ya biyo ta wurinsu a kan hanyarsa ta zuwa Asbaniya (Romawa 15:24). Amma dubi jinkirin da ya same shi. Shekara biyu yana tsare a Kaisariya, mai mulki yana jan shari'arsa yana sa zuciya ga toshiya (24:26-27). Jirginsu ya farfashe a teku, suka yi wata uku a tsibirin Malita. Da ya iso Roma, wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Ubangijinmu, sai aka sāke wani jiran na shekara biyu cif, a gidan da yake biyan haya, da soja yana tsaronsa. Bai san ranar da Kaisar zai ji ƙararsa ba. Shi kansa ya kira kansa tsoho a wasiƙarsa ga Filimon.

Me Bulus ya yi? Bai ce sai an sake ni ba. Bayan kwana uku kaɗai ya kira manyan Yahudawan garin. Da suka komo da yawa, ya yi musu bayani tun safe har yamma. Luka ya shaida mana cewa dukan wanda ya zo ƙofarsa ya karɓe shi. Sojojin da ke tsaronsa suka ji bishara, har labarin Kristi ya bazu cikin masu gadin fada (Filibiyawa 1:12-13). Wani bawa mai gudu, Onisimus, ya tuba a hannunsa, Bulus ya mai da shi wurin ubangidansa domin su shirya. Bisa ga abin da ekklesiya ta riƙe tun dā, daga wannan ɗauri ne ya rubuta wasiƙu zuwa ga Afisawa, Filibiyawa, Kolosiyawa da Filimon. Da Bulus ya ce sai ya tare a Asbaniya, ina za mu sami waɗannan?

'Yan'uwa, kwanakin jira ba kwanakin banza ba ne. Cikin kwanakin da Allah ya ƙidaya mana suke, za mu kuwa ba da lissafinsu.

ABU UKU DA MUKA KOYA

Na fari, kada a jingina biyayya ga rufin kwano. Annabi Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila, mutanen da ke zaune da kayansu a ɗaure suna jiran komawa gida. Ya gaya musu zaman zai kai shekara 70, saboda haka su zauna sosai, su dasa itatuwa, su aurar da 'ya'yansu, su nemi lafiyar garin, su yi addu'a dominsa. Wanda ba ya karɓar baƙo a ɗaki biyu, ba zai karɓe shi a ɗaki biyar ba, gama ƙuncin yana cikin zuciya. Tabarma ɗaya ta isa ajin karatu. Gafara kuwa ba ta bukatar zaure, ba ta bukatar rago. In akwai wanda kake riƙe da shi a zuciya, ɗauki sandarka ka tafi yau.

Na biyu, a tsare gaskiya cikin ginin kansa. Jinkiri yana da gwaji iri iri. Akwai gwajin riƙe hakkin lebura, a ce masa ya komo gobe alhali shi da kuɗin yini yake ciyar da gidansa. Yaƙub 5:4 ya gargaɗe mu cewa hakkin nan yana kuka, Ubangiji kuma yana ji. Idan mun ɗanɗana zafin jiran hakkinmu na shekara 35, yaya za mu sa wani ya jira nasa na yini ɗaya? Akwai gwajin cin bashi mai ruwa domin a rufe baki da kunya. Akwai gwajin matsa wa 'ya'ya har su ji tsoron ɗaukar wayarmu, su ma kuwa suna fama da haya da kuɗin makaranta. Akwai gwajin rage baiko, da zagin magini a bayan idonsa. Maƙwabtanmu, yawancinsu Musulmi, suna ganin yadda muke jira. Wani dattijo a cikinsu yana lura mana da kayan gini ba ko kwabo. Halinmu a wurin nan shi ne wa'azin da za su fara karantawa.

Na uku, a tuna dukanmu 'yan haya ne a duniya. Ibrahim mai arziki ne ƙwarai, duk da haka ya ƙare kwanakinsa cikin alfarwa. Abin da ya saya a ƙasar alkawari shi ne gonar da ke da kogon da ya binne Saratu. Ibraniyawa 11:9-10 ta bayyana dalilin haƙurinsa, cewa idonsa yana kan birnin da Allah da kansa ya tsara ya kuma gina. Sarki Dawuda ya so ya gina Haikali, Allah ya ce ɗansa ne zai gina. Dawuda bai yi fushi ba, ya tara dutse da ƙarfe da katako domin Sulemanu (1 Tarihi 22). Mai yiwuwa ne mu tare a gidanmu, mai yiwuwa ne 'ya'yanmu su rufe shi bayanmu. Ko ta yaya, wurin da Yesu ya tafi ya shirya wa nasa ba ya jiran farashin siminti.

GARGAƊI GA MASU SAURAN AIKI

Kada wani ya ce muna hana gini. Gida abu ne mai kyau, mutum ya kāre iyalinsa daga haya kuwa aikin hankali ne. Amma Ubangijinmu ya yi misali da mai ginin hasumiya wanda ya kamata ya zauna tukuna ya yi lissafi, domin kada ya sa harsashi ya kāsa gamawa (Luka 14:28-30). Ku samari da ke cikin aiki, ku ji daga bakin waɗanda suka yi kuskure. Ku fara da wuri, tun albashi yana shigowa. Ku gina ɗaki biyu ku rufe, ku shiga, sauran ya biyo baya. Sannu sannu ba ta hana zuwa. Ku tabbatar da takardun fili kafin ku zuba bulo. Ku tambayi yadda Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yake ba masu zuba kuɗi a ciki rance. Ku sani kuma tun 2022 an yarda mai asusun fansho ya yi amfani da kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa ya biya nasa rabon a rancen gida. Kada ku rataya dukan begenku a kan kuɗin sallama.

INDA MUKE YAU

Gidanmu har yanzu ba rufi. Amma saurayin nan yana zuwa kowace Talata, ya kawo abokansa biyu, muna zama a kan tabarma a ƙofar ɗakin haya. Uwargida tana koya wa mata uku na Zumuntar Mata karatu. Mun je wurin matar ɗan'uwan da ya rasu, muka roƙi gafara, muka yafe rancen. A filin mun dasa dogon yaro biyu da zogale, gama itace ba ya jiran magini. Idan kuɗi kaɗan ya samu mukan sayi kwano bandir ɗaya mu aje. Gardama ta ragu a gidanmu, barci kuma ya komo.

Ya kai mai karatu, watakila ba gida kake jira ba. Wani yana jiran fansho, wata tana jiran haihuwa, wani yana jiran lafiya ko aiki. Tambayi kanka: Wane alheri ne na ɗaga har sai abin nan ya samu? Wa ke bakin ƙofata yau? Wa ya kamata in shirya da shi kafin rana ta faɗi?

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai ne ka san iyakar kwanakinmu. Ka gafarta mana alherin da muka ɗaga zuwa gobe. Ka tuna da tsofaffin bayinka masu jiran hakkinsu, ka ba su abincin yini da rufin asiri. Ka albarkaci magina da leburori da maƙwabtanmu, ka ba Sakkwato zaman lafiya. Ka koya mana mu bauta maka a inda muke, har ranar da za ka kira mu gida. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.