Tulu a Hannun Mata, Mumbari a Hannun Maza

Ranar Lahadi da hantsi, wanda ya ratsa wasu ƙauyukan Gwarzo ko Kabo yana iya jin wani amo mai kauri na tashi daga ɗan gini mai rufin kwano. Tulu ne. Wata dattijuwa ta dafe shi tsakanin gwiwoyinta tana bugun bakinsa da soso, ta kusa da ita na kaɗa caki, sauran sun jeru cikin zane iri ɗaya, ɗaya na bayarwa suna amshi. Zumuntar Mata ke nan, kuma duk faston da ya san aikinsa ya san cewa ran da suka yi fushi, sujada ba za ta yi armashi ba.

Waɗannan mata Hausawa ne gaba da baya. Yawancinsu jikokin Maguzawa ne, mutanen da Ba'amurke Joseph Greenberg ya zauna cikinsu a ƙasar Kano, ya fitar da littafi a kansu a 1946. Mishan ta SIM ce ta fi yin aiki a wannan yanki: ita ta buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa da asibitin ido na Kano, kuma daga cikinta cocin ECWA ta fito a 1954. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kuwa tun 1932 yake hannun mutane, bayan wahalar da Dakta Walter Miller da abokan aikinsa suka sha.

Turawan mishan na farko ba su saki jiki da ganga ba, don a kunnensu kiɗan gargajiya da bori ɗanjuma ne da ɗanjummai. Waƙoƙin da suka kawo fassara ce a kan karin Turai, ga kalmomin Hausa amma muryar baƙuwa. Mata ne suka fi kowa gyara wannan. Suka ɗauko salon waƙar daɓe da ta niƙa, suka zuba masa labarin Hannatu mai neman haihuwa da na Rut, gwauruwar da ta yi kala a gonar wani. Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba takan haddace labaran Littafi ta wannan hanya, har ta yi wa miji mashayi wa'azi a gaban jama'a ba tare da ta kama sunansa ba. In wannan ba tauhidi ba ne, to mene ne?

Sai dai iyakarsu ke nan. ECWA ba ta naɗa mace fasto, Cocin Angalika ta Nijeriya ma ba ta naɗa ta firist. Masu goyon bayan haka suna kafa hujja da wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti. Masu ja da su sukan kawo wasiƙarsa ga Galatiyawa, su tuna Debora da ta yi shari'a a Isra'ila. Muhawarar ta wuce Nijeriya: a 1989 Mercy Amba Oduyoye ta Ghana ta tara mata masana tauhidi na Afirka a Accra don su riƙa rubuta fahimtarsu da kansu.

A ƙauye kuwa, abin da ya fi naɗin fasto ƙuna shi ne gado. Kiristocin Hausawa sun daɗe suna kukan ana yi musu kallon baƙi a ƙasar kakanninsu, wajen neman filin coci ko gurbin aiki, kuma Tarayyar Masihiyawan Nijeriya na ɗaga wannan murya, tana dogaro da sashe na 38 da na 42 na tsarin mulkin 1999. Kukan na kan hanya. Amma a leƙa cikin gida. Musulma mai 'ya'ya in mijinta ya rasu tana da tumuninta a rubuce, 'yarta na da rabin rabon ɗa namiji. Maƙwabciyarta Kirista sau da yawa al'ada ce ke yanke mata hukunci, al'adar da ke bi da gona ta wajen maza. Sai a ga macen da ta yi shekara talatin tana noma gayaunarta ta koma cin arzikin ƙannen miji.

Abin mamaki, amsar na cikin Littafin da ake karanta musu. A Littafin Ƙidaya sura 27, 'ya'ya mata biyar na Zelofehad sun tsaya gaban Musa suka nemi gadon ubansu, aka kuma ba su gaskiya. Dattawan ikilisiya a Gwarzo da Kabo, ku da ake kira zaman rabon gado bayan jana'iza, ku karanta wannan sura kafin a fara auna gona, a kuma ba shugabar Zumuntar Mata wurin zama a kan tabarmar.