Lissafin Likitoci da Alƙalamin Ƙaddara

Aikina lissafi ne, amma a cikin asibiti nake yin sa. Ba na riƙe allura, ba na rubuta magani. Abin da ke zuwa teburina shi ne katunan marasa lafiya bayan likitoci sun gama da su: shekarun mutum, nauyinsa, awon jininsa, yawan sugan da ke jikinsa, ko yana shan taba, sai kuma layin ƙarshe da ke cewa an sallame shi ko rai ya yi halinsa. In zuba su a kwamfuta, in nemi abin da ya fi yawan tafiya tare da mugun ƙarshe. Saboda wannan sana'a 'yan'uwa suke yi mini tambaya guda, wasu da zolaya, wasu da gaske: idan kwana ya ƙare, me lissafinka zai ƙara, me zai rage? Tambayar tana da nauyi, bai kamata a sallame ta da dariya ba.

Sai mun san abin da lissafin ke yi kafin mu yi masa hukunci. Tara mutum dubu, ka ware waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Za ka tarar yawancinsu masu furfura ne. Mai gaggawa sai ya ce furfura ce ke kawo cutar, ya aika a sayo masa baƙin rini. Alhali furfura 'yar rakiya ce. Shekaru ne suka kawo ta, su ne kuma suka taho da taurin jijiyoyin jini. Dabarar da ake kira rigireshan, wato lissafin warware alaƙa, aikinta ke nan. Tana jera mutanen da shekarunsu suka zo ɗaya, nauyinsu ɗaya, halin cinsu ɗaya, sannan ta duba ko furfura tana da sauran ta cewa. Sai a ga yawancin nauyinta ya zube. A yi wa hawan jini irin wannan tankaɗe da rairaya, sai a same shi tsaye daram. A ƙarshe kowane abu yana fitowa da lambarsa, wadda ke nuna ƙarfinsa bayan an cire rabon sauran.

Ba tun fil'azal likitoci suka san haka ba. A watan Afrilun 1945 shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu sakamakon fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, awon jininsa a ranar ya kai 300 bisa 190. A wancan zamani likitoci da yawa sun ɗauki hawan jini a matsayin abin da tsufa ke zuwa da shi, wasu ma suna ganin sauko da shi haɗari ne. A 1948 aka fara bin mutum 5,209 na wani gari mai suna Framingham a jihar Massachusetts, ana duba su duk bayan shekara biyu, ana rubuta wanda zuciyarsa ta kamu da wanda ya tsira. Zuwa 1961 William Kannel da abokan aikinsa suka nuna cewa hawan jini da yawan kitse a jini suna gabatar ciwon zuciya da shekaru. A 1967 kuma, tare da masanin ƙididdiga Jerome Cornfield, aka haɗa abubuwa bakwai cikin ma'auni guda da ke kintata haɗarin da ke gaban mutum.

Duk da haka, tafiya tare ba ta isa hujja ba, kamar yadda furfura ta nuna. Abin da ke raba gardama shi ne a taɓa abin a ga ko sakamako zai motsa. A wannan shekara ta 1967 Edward Freis ya fitar da sakamakon gwaji a kan tsofaffin sojojin Amurka 143 masu tsananin hawan jini. An ba kusan rabinsu magani, sauran aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. Cikin waɗanda ba su sami magani ba, mutum 27 suka faɗa mummunan hali, wasu har lahira. Cikin masu shan magani, mutum 2 kacal.

Mu ma an yi mana namu awon. Binciken da ake kira SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yake cikin jagororinsa, ya haɗa asibitoci a Najeriya da Ghana, har da na koyarwa a Kano da Zariya. An kwatanta mutum fiye da dubu biyu da suka sami shanyewar ɓarin jiki da takwarorinsu da ba su sami shanyewar ba, aka buga sakamakon a 2018. Hawan jini ne ya yi wa kowa fintinkau, da alaƙa kusan ninki 19, kuma an ƙiyasta yana da hannu a kusan kashi 90 cikin ɗari na cutar. Ciwon suga, shan taba, barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, rashin motsa jiki da ƙarancin cin ganye duk sun fito a jerin. Wato zogale da alayyahu da rama, waɗanda wasu ke rainawa a matsayin abincin talaka, suna cikin abin da lissafi ya yi wa shaida.

To, ina matsayin mai imani a nan? Na ga mutane sun kasu biyu, kuma ban ga inda zan zauna a cikinsu ba. Na farko su ne masu cewa ciwon ajali ba ya jin magani, don haka awo da ƙwaya ɓata kuɗi ne. Na biyu, galibi 'yan boko irina, suna magana kamar lambobin nan sun karɓe ragamar rai da mutuwa, ƙaddara kuwa kalma ce da ake rarrashin masu makoki da ita.

Malamin da na yi karatun tauhidi a zaurensa ne ya fara kwance mini wannan ƙulli. Na yi masa bayanin aikina, sannan na ce, "Allah gafarta Malam, wasu na ganin wannan shisshigi ne cikin ilimin gaibu." Ya ce, "Kai yaro, ka manta hukunci uku ne? Na shari'a, na hankali, na al'ada. Naka wanne ne a ciki?"

Rabon da yake nufi na Shaihu Muhammadu bin Yusuf Sanusi ne, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, mai littafin Ummul Barahini da aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. A wurinsa hukuncin al'ada shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu da abu saboda an ga suna maimaituwa tare, tare da yarda cewa alaƙar tana iya saɓawa, kuma ɗayan ba shi da ikon kansa a kan ɗayan. Kafin shi Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga: muna ganin ƙuna a duk lokacin da suka haɗu, amma ido bai taɓa ganin wuta tana tilasta ƙunar ba, haɗuwar kawai yake gani. Ibn Rushd na Andalus ya mayar masa da martani cewa wanda ya musanta sabubba ya rushe ilimi gaba ɗaya, wasu malamai kuma suka tafi a kan cewa Allah Ya sanya ƙarfi na haƙiƙa a cikin sabubban da Ya halitta. Wannan muhawara tana nan har yau. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ya ce ka ajiye audugarka kusa da murhu.

Duk wanda ya taɓa karanta sakamakon rigireshan zai gane siffar da Sanusi ya bayar. Maimaituwa ita ce jarinmu, shi ya sa muke neman dubban mutane. Yiwuwar saɓawa kuwa a rubuce take a kowane shafi, domin ba mu taɓa cewa wane zai kamu ba, sai dai mu ce cikin ɗari irinsa kaza za su kamu. Richard Doll da abokan aikinsa sun bi likitocin Birtaniya maza fiye da 34,000 daga 1951 har shekara hamsin. Suka gano masu shan taba suna rasa kimanin shekara goma na rayuwa, kuma wajen rabin waɗanda suka dawwama a kanta ita ce sanadinsu. Rabi ke nan. Saboda haka idan wani ya ce mini kakansa ya sha taba har ya haura tamanin, ba ƙaryata lissafin ya yi ba. Kakan yana cikin ɗaya rabin, kuma babu kwamfutar da za ta iya nuna shi da yatsa tun yana saurayi. Lissafi yana karanta al'adar da Allah Ya gudanar a cikin halittarSa. Ranar wane da sa'arsa ba su cikin abin da aka ba shi.

Akwai wani sulhu da ke da daɗin ji wanda ban yarda da shi ba. A kowane ma'auni na rigireshan akwai saura, wato bambancin da abubuwan da muka auna suka kasa bayyanawa. Wata ɗaliba a ajin da na koyar ta taɓa nuna wannan saura a allo ta ce, "Malam, ai nan ne ƙaddara take." 'Yan ajin suka gyaɗa kai. Na ce mata ta dubi inda maganar za ta kai ta. Sauran nan raguwa yake yi duk lokacin da aka gano sabon abin aunawa. Abin da ba a iya bayyanawa ba a zamanin Roosevelt, yau ɗalibin aji uku a makarantar likitanci yana bayyana shi. Idan ƙaddara a cikin saura kawai take, to kowane sabon bincike yana gutsure mata yanki, kuma mai imani zai wayi gari yana jin tsoron ilimi. Aƙidar da aka karantar da mu ba ta ce haka ba. Wanda Ya ƙaddara mutuwar wane Shi Ya ƙaddara cewa gishiri zai riƙe ruwa a jiki, jijiya za ta yi tauri, ƙwaya kuma za ta sassauta ta. Abin da muka gane da abin da ya ɓuya mana duk a ƙarƙashin alƙalami ɗaya suke. Sauran da ke allo iyakar saninmu yake nunawa, ba iyakar ikon Allah ba.

Sayyidina Umar ya riga mu fahimtar wannan. Wajen shekara ta 18 bayan Hijira ya nufi Sham, ya kai Sarga, aka tare shi da labarin annobar da aka sani da ta Amwas. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Amsar da ya bayar ita ce juyawar ma ƙaddara ce, kamar yadda makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshen gefen bai fita daga hukuncin Allah ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne Umar bai san wane ne zai kamu cikin tawagarsa ba. Abin da ya sani shi ne idan jama'a suka shiga, da yawa za su mutu. Da irin wannan sani ya yi aiki, kuma a matsayinsa na shugaba ya yi shi.

Nan ne nake ganin nauyin lissafin ya fi sauka. Tunda a kan jama'a yake magana, masu riƙe da al'amarin jama'a ne ya fara tuhuma. A binciken Whitehall da aka fara a 1967 a kan ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 a Landan, an tarar waɗanda ke matakin ƙasa, irin masinjoji da masu tsaron ƙofa, suna mutuwa kusan ninki uku na manyan jami'ai, kuma taba da hawan jini ba su bayyana dukkan tazarar ba. Matsayi da talauci su ma suna fitowa da lambarsu. Don haka ba daidai ba ne a mayar da waɗannan lambobi bulalar dukan mara lafiya. Dattijuwar da ta daina shan maganin hawan jini don kuɗin wata ya gagare ta ba tawakkali ne ya yi mata yawa ba. Hausawa na cewa jiki magayi, amma wannan cuta takan yi shekaru jiki bai faɗi komai ba, sai ranar da mutum ya yanke jiki ya faɗi, ko ƙoda ta gaza a fara neman kuɗin wankinta. Wanda bai taɓa samun mai auna shi ba, da me za a zarge shi?

Kalmar "haka Allah Ya so" gaskiya ce, kuma a bakin wanda aka yi wa rashi ibada ce. A bakin wanda aka damƙa wa kasafin lafiya kuwa, idan ya faɗe ta don a rufe zancen ƙaramin asibitin da babu na'urar awon jini a cikinsa, ta zama mafaka. An sanar da shi al'adar, an ba shi lambobin, kamar yadda aka tare Umar da labari a Sarga. Haka nan malamin da ke kan mumbari, da kwamitin masallacin da ke iya sayen na'urar awo ya ajiye ma'aikacin lafiya a ƙofa bayan sallar Juma'a. Babu wanda za a tambaya don me wane ya mutu ranar da ya mutu, domin wannan ba a hannun kowa yake ba. Abin da za a tambaye mu shi ne me muka yi da abin da aka sanar da mu.