Kunya da Gaskiya a Bakin Gadon Majiyyaci

'Yan'uwa, tun muna yara aka koya mana girmama na gaba, aka ce kunya ado ce. Amma ga tambayar da ya kamata mu yi wa lamirinmu: idan nas ta lura likita ya rubuta wa ƙaramin yaro awon maganin da ya dace da babba, me ya wajaba a kanta, ta yi shiru don ladabi, ko ta buɗe baki?

Tambayar tana da nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen majiyyaci 1 cikin 10 yakan cutu ta hanyar jinyar da ake yi masa. Shi ya sa a 2019 ta keɓe ranar 17 ga Satumba ta kowace shekara domin tunawa da kiyaye majiyyata. Likita yakan duba ya wuce, nas kuwa ita ce ke tsaye dare da rana. Ita ke duba suna a kati, ta auna magani, ta ɗaura ƙarin ruwa. Kuskuren da ya wuce idonta ya isa jikin mara lafiya ke nan.

Saboda haka muna ganin shiru a nan rashin ƙauna ne, ko da ya sa rigar ladabi. Girman likita yakan dawo bayan an yi masa gyara, ran yaron da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Ana iya faɗar gaskiya a keɓe, da tattausar murya.

Abin da ya fi wuya shi ne idan kuskuren nata ne. Idan ta faɗa da wuri, ana iya ceton rai, a kuma gyara tsarin da ya jawo shi, ko gajiya ce, ko ƙarancin ma'aikata, ko kwalabe biyu masu kama da juna. Amma inda ake wulakanta wanda ya amsa laifinsa, kowa zai koyi ɓoyewa, kuskuren kuma ya sake afka wa wani.

Mu ma muna da alhaki. Idan muna jinyar namu a asibiti, mu faɗi maganin gargajiyar da muka ba shi, mu tambayi sunan allurar da za a yi masa, kada kuma mu ɗaga wa nas murya don ta tsaya ta sake dubawa. Bari mu zama mutanen da ake iya faɗa wa gaskiya ba tare da tsoro ba.