Mai Gonar Inabi Da Baƙon Da Ya Zo Saye

A shekarun baya idan aka ambaci inabi, hankalin Bahaushe sai ya tafi Sham ko Ɗa'ifa, ko kuwa ya tuna da zabibin da alhazai kan zo da shi tsaraba. Yau kuwa ga shi ana nomansa a ƙasar Zazzau, musamman a Ƙaramar Hukumar Kudan, inda manoma suka kafa turaku suka ja waya, itacen ya hau ya yi rumfa, 'ya'yan suna reto nono-nono. Fatake kan zo har bakin gona su yi ciniki. To, da yake sunan inabi ya daɗe da haɗuwa da sunan giya, sai wasu masu tsantseni suka shiga tambaya: shin halal ne Musulmi ya noma shi? In kuwa halal ne, kowa ya zo saye sai a sayar masa?

Kafin amsa, ya kamata mai karatu ya san yadda al'amarin yake a inda aka mai da inabi giya. A ƙasar Faransa akwai lardunan da suka yi suna da wannan sana'a, kamar Bordo da Alsas. A Alsas har hanya guda aka keɓe tun 1953, mai tsawon kilomita wajen 170, wadda baƙi ke bi ƙauye-ƙauye suna shiga gidajen manoma, a nuna musu gona da wurin matsa, su ɗanɗana, kana su sayi kwalabe daga hannun mai gonar kansa. Abin da suke nema shi ne su ga fuskar wanda ya noma, shi ma ya ga tasu. Babu dillali, babu ɓoyo, kowa ya san abin da aka sayar da abin da za a yi da shi. Wannan sanin kuwa shi ne ainihin wurin da shari'a ta rataya hukunci.

Dangane da noman kansa, malamai sun daɗe da gama magana. Shihabuddini Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Misra wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira (1285), ya kasa hanyoyin da ke kaiwa ga ɓarna kashi uku a littafinsa Alfuruƙ. Akwai wadda aka haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a tsakiyar hanyar jama'a. Akwai wadda aka yi saɓani a kanta. Akwai kuma wadda aka haɗu a kan barinta a buɗe, misalin da ya kawo kuwa shi ne shuka inabi: ba a hana shi domin tsoron kada a yi giya da shi. Dalili a fili yake. Sayyidina Umar ya bayyana a kan mimbari cewa a zamanin da aka haramta giya, da abu biyar ake yinta, watau inabi da dabino da zuma da alkama da sha'ir, amma ba a ji an sare dabinon Madina ko an kashe ƙudan zuma ba. A ƙasar Hausa ma da dawa ake yin burukutu, ita ce kuma tuwon talaka. Raken da Makarfi ta yi suna da shi, wanda ake dafa mazarƙwaila da ruwansa, a wasu ƙasashe barasa ake tacewa daga gare shi. Da za a bi kowace shuka da zargi, da ba a bar ko kunya ɗaya a gona ba.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne wajen sayarwa. Hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito daga Anas (Allah ya yarda da shi) ya lissafa mutum goma da la'ana ta hau kansu game da giya, mashayin kuwa ɗaya ne kawai daga cikinsu. Sauran su ne irin su mai matsawa da wanda aka matsa dominsa, da mai ɗauka, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Daga nan ne Malikiyya suka hana a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Hambaliyya suka ce cinikin ma bai ƙullu ba. An ruwaito sassauci daga Imamu Abu Hanifa, bisa hujjar cewa ruwan inabi a kansa ba saɓo ba ne, sai bayan wani ya canza shi da zaɓinsa. Hujja ce ta mai ilmi, amma tana da wuyar kwanciya a zuciyar wanda aka gaya wa ƙiri-ƙiri abin da za a yi da kayansa. Wanda ya miƙa wa mai faɗa sanda alhali yana ganin kan da za a rotsa, da wuya ya ce shi itace kurum ya bayar.

Wannan ba ya nufin manomin Kudan zai tsare kowane baƙo da tambayoyi kamar alƙali. Asalin ciniki halacci ne, asalin mutum kuma a kyautata masa zato, ga shi kuwa galibin masu sayen inabin nan don ci suke saye. Amma idan baƙo ya faɗi nufinsa da bakinsa, ko sana'arsa ta zama sananniya, to uzurin rashin sani ya faɗi. Wanda kuma ya toshe kunnensa da gangan domin kada ya ji abin da zai ɓata masa ciniki, wannan ya riga ya sani, kauda kai kawai ya yi.

Sai dai a yi wa manomi adalci. Inabi ba ya jira, in ya nuna sai a tsinka, in an tsinka kwanakinsa ƙidayayyu ne. Mutanen Ikara, da suka sha ganin tumatir yana ruɓewa a kwando duk da masana'antar sarrafa shi da aka gina musu tun farkon shekarun 1980, wadda ta yi ta aiki tana tsayawa, sun san zafin wannan. Mutumin da ya ci bashin taki da na turaku, ga iyali, ga kaya na neman lalacewa, sai ga mai kuɗi hannu ya taya da tsada, ba ƙaramin jarrabawa ya shiga ba in aka ce masa ya ce albarka. Malamin da ya ba shi fatawa ya koma gida ya ci tuwonsa. Attajiran da ke jin wa'azin nan suna gyaɗa kai, su ne ke da ikon gina ɗakin sanyi, ko wurin busar da zabibi, ko na matsa ruwan inabi a sha shi yana sabo, ta yadda manomi zai sami inda zai kai kayansa in ya ƙi wancan cinikin.

Musulmin da aiki ko karatu ya kai shi Faransa, babu laifi ya shiga gonar inabi ya koyi aure da sassabe da ban ruwa, domin ilmin noma ba shi da najasa. Abin da zai kiyaye shi ne zama a teburin da ake zagayawa da kofuna, da kuma sayen kwalba don ya yi wa abokin aiki tsaraba, ko da abokin ba Musulmi ba ne, gama mai saye da mai ɗauka duk suna cikin goman nan.

Akwai kuma wata mas'ala da ta fi ta inabi kusa da yawancin manoman Ikara da Makarfi. Tun da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya suka juyo ga dawar Arewa, ko da yake da ita kuma ake yin abin sha na malt wanda ba ya bugarwa. Manomin da ya kai buhu biyu kasuwar Makarfi ya sayar wa wanda ya taya, bai san inda za su ƙare ba, ba a kuma ɗora masa bin sawunsu ba. Dillalin da ke tara tirela, wanda takardar kwangila ke aljihunsa da sunan kamfani da abin da za a yi da dawar a rubuce, shi ya san abin da manomin bai sani ba.